Garwashi a Gidan Kwano

Thabong, Welkom
9 ga Yuni, 1987

Zuwa ga 'yata Moipone,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji, ina fata ke da jaririn da Gwaggonki Sebueng kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni lafiyata ƙalau, ban da ƙafar nan da kika sani. Babanku an zuƙe masa ruwa daga huhu ranar Talata, likitocin asibitin ma'adinai sun ce ba zai tashi nan kusa ba. Da na gaya masa namiji kika haifa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "To, tumakina sun samu makiyayi, tunda uwarsa tsoron rago take."

Raina bai so a ce 'ya ta dawo gidan uwarta haihuwar fari, uwar ba ta nan. Amma ba zan bar ubanki a hannun baƙi ba. Saboda haka ki karanta wannan a tsanake, ba irin karatun da kika riƙa yi wa littattafan makaranta ba.

Sanyi ya shigo. Shekarun da ubanki ya yi a ƙarƙashin ƙasa yana haƙar ma'adinai ne suka jawo ruwa daga idon ruwa har cikin kicin ɗina, kuma a Ha Mosala babu macen da take murɗa famfo a cikin ɗaki sai ni. Ba alfahari nake ba, ina tuna miki abin da aka bar miki amana ne. Ɓangaren bututun da ke waje ku naɗe shi da buhu, ku ɗaure da tsohuwar robar taya. In yamma ta yi ku bar famfo yana ɗiga kaɗan a bokiti, ruwan da ke motsi ba ya saurin daskarewa. Abu mafi girma shi ne murhun ƙarfe. Bututun ya bi bangon kudu ta bayansa, ranar da wutar nan ta mutu bangon zai yi sanyi, ruwan ya zama dutse, ƙarfen ya tsage. Kwal yana nan a rumfa, ya ishe ku. Ramukan iskar da ke saman bango ku dama gari ku manna musu jarida, ku tura buhu a ƙasan ƙofa. Ki kwaso katifarki ki dawo kicin da yaron. Jikana ba zai yi jego a tsohon ɗakin ciyawa ba, inda hayaƙi ya cinye idanun kakarki.

Na san Gwaggo ta soke kara a bisa ƙofa. Muddin yana nan namiji ba ya tsallake dokin ƙofar nan, ko Fadan coci ne, ko mijinki Motlatsi in ya samu hutu. Na san 'yan zamaninku, komai dariya ne a wurinku. Dangin mijinki suna da ido a ƙauyen nan, kuma ba za a ce 'yar 'Matefo ce ta nuna wa maza jariri kafin lokaci ba.

Ki sha kunun dawa da yawa, ki daina kwanciya da rana kamar marar aiki.

Uwarki,
'Matefo

Ha Mosala, Motete
21 ga Yuni

Mme,

Na samu wasiƙarki, na gode. Muna lafiya, muna yi wa Ntate, babanmu, addu'a. Ki ce masa ban taɓa tsoron rago ba, wannan ragon ne mahaukaci.

Mun naɗe bututu, mun manna jarida, mun koma kicin mu uku. Gwaggo tana manna jaridar tana mita, wai, "Uwarki ta gina akwatin sanyi ta kira shi gida. Mu da aka haifa a ƙarƙashin ciyawa wa ya taɓa jin ruwa ya fasa mana wani abu?" Amma ta yi duk abin da kika ce.

Mme, kada ranki ya ɓaci. Murhun ya ƙi. Tun makon jiya hayaƙi ya daina fita ta sama, yana dawowa cikin ɗaki har yaro ya riƙa tari. Mun zura waya, mun bubbuga, a banza. Na yi magana da Ntate Lebesa, wanda ya ja mana ruwan, yana tsaye can bakin shingen tumaki ni ina taga. Ya hau kwano ya leƙa, ya ce toshewar ba a sama take ba, a gwiwar bututun hayaƙi take, cikin ɗaki, sai an kwance ta da sifana. Ya ce, "Ausi, 'yar'uwata, aikin rabin wuni ne, amma kin ga abin da ke kan ƙofarku. Ki rubuta wa uwarki, ni ba zan ja wa kaina bakinta ba." Shi ya sa nake tambaya, ko zan koma ɗakin ciyawa da yaron na wuni ɗaya ya shiga ya gyara? Gwaggo ta ce mai jego ba ta fita da jariri zuwa ɗakin waje, kuma gida ɗaya ne, kara ɗaya ne.

Mun kashe murhun. Amma kada ki damu da bututu, Gwaggo ta samo dabara. Ta hudo tsohon bokiti ta yi paola, tana hura kwal a waje har hayaƙin ya ƙare, sannan ta shigo da garwashin ta ajiye jikin bangon kudu. Ko ɗigon hayaƙi babu, ɗakin ya fi da ɗumi, famfo yana ɗiga yadda kika ce.

Ni dai kaina ne yake ciwo kullum da safe, jikina ya mutu, sai na fita bayan gida nake jin dama. Gwaggo ma ta yi amai sau biyu, ta ce waken da ta ci ne. Jikanki kuwa ba ki taɓa ganin yaro mai haƙuri irinsa ba. Ba ya kuka, barci kawai yake, sai na tashe shi nake ba shi nono. Kumatunsa sun yi ja, matan da suka zo barka suna ta yaba kyansa. Kyanwarki ce kawai ta yi fushi da mu, ta ƙi kwana a ɗakin, ta koma wurin tumaki.

'Yarki,
Moipone

Thabong, Welkom
30 ga Yuni

Moipone,

Ina fata kuna lafiya. Babanku ya kwana biyu da zazzaɓi, yau da sauƙi. A tsaye na karanta wasiƙarki a bakin gadonsa, sai da na nemi wuri na zauna.

Wata guda ban cika da barin gida ba, kin kashe murhun da bai taɓa mutuwa da sanyi ba tun da aka kafa shi. Jiƙaƙƙen kwal kika riƙa zubawa, na sani, don ƙiwar zaɓo busasshe. Yanzu kuma kina neman izinina namiji ya shiga gidan jego. Amsar ita ce a'a. Ki ji kunya da kika sa Ntate Lebesa a cikin maganar, gobe duk ƙauye ya ji.

Ciwon kan da kike faɗa kowace mai jego ta yi shi. Ni na haifi yayanki Tefo ranar Alhamis, ranar Litinin ina wanke tsummansa a rafi ina fasa ƙanƙara da dutse. Mutuwar jiki daga kwanciya take zuwa. Yaro mai barci kuwa kyauta ce, ki gode wa Allah, ke ba ki bar kowa ya runtsa ba.

Gwaggonki ta fi ki hankali da ta nemi mafita. Sai dai bokiti ɗaya ba zai riƙe bangon nan ba in Yuli ta kama. Ku ƙara wuta, ku duba ko akwai inda iska ke shigowa ku toshe. In na dawo na tarar da bututun nan a tsage, ba ni za ki yi wa bayani ba, ubanki za ki kalla ki gaya masa inda huhunsa ya tafi.

Uwarki,
'Matefo

Thabong, Welkom
3 ga Yuli

Moipone, 'yata,

Allah ya sa wannan ta same ku da rai. Ki bar duk abin da kike yi, ki fitar da bokitin nan waje yanzu, kafin ki karanta layi na gaba.

Yau da safe an fasa ƙofar ɗakin kwanon da ke bayan gidan da nake haya. Wani mai sayar da lemo ne da matarsa da 'ya'yansu biyu. Na tsaya ina kallo aka fito da su a barguna. Babu ƙuna, babu rauni, fuskokinsu jajur kamar masu lafiya. Matar gidanmu ta ce, "Garwashi suka shiga da shi suka toshe ko'ina. Tun kwanaki matar take ce mini kanta na ciwo, na ba ta ƙwaya." Na koma ɗaki na ɗauko wasiƙarki na karanta ta a zaune, har ƙarshe.

Ki saurare ni. Garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da guba ba. Iska ce marar wari marar launi, tana sa ciwon kai da amai da barci, mai barcin kuma ba ya tashi. An koya mana wannan a aji uku, na ci jarrabawarsa. Gwaggo ba ta yi kuskure da gangan ba, a ɗakin ciyawa ta saba, inda iska ke fita ta jinka. Gidana kwano ne da silin, kuma kun manne ramukan. Yaron ba haƙuri yake ba, Moipone. Gubar ce take kwantar da shi.

Ki yage jaridun, ki janye buhun, ki buɗe taga. Ku kwashe ku koma ɗakin ciyawa ko da yana yoyo. Ki cire karan da hannunki, ki kira Ntate Lebesa ya gyara murhun, in ya yi gardama ki ce ni na ce. In yaron ya ƙi kama nono a ɗora ku a doki zuwa asibitin mishan. Wasiƙata ta ranar talatin kada ki bi ko kalma ɗaya a cikinta.

Na je gidan waya na roƙi a kira ofishin 'yan sanda na kusa da ku, sun ce layin tsaunuka ya yanke tun jiya, dusar ƙanƙara kuma tana tafe. Zan jefa wannan duk da haka. Gobe zan shiga mota.

Uwarki

Gindin Moteng
8 ga Yuli

Moipone,

Ina raye, ina nan ƙasan tsauni, a shagon wata mata da ta ba mu wurin kwana a kan buhunan masara. Ban san ko wasiƙata ta ranar uku ta iso ba. Zuciyata tana gaya mini tana cikin jakar gidan waya a Butha-Buthe, ita kuma ta ranar talatin, wadda ba na so ki gani, ta riga dusar hawa.

Na bar babanku. Ban gaya masa dalili ba, na ce ina so in ga jikana ne. Ya kalle ni ya ce, "'Matefo, ke da ba kya barin tukunya a wuta ki leƙa waje?" Na ce ya sha maganinsa ya daina surutu.

Hanya a rufe take. Manyan motoci suna jere, babu wanda ya san ranar da motar share ƙanƙara za ta zo. Na roƙi wani direba har na durƙusa masa, abin da ban taɓa yi wa ɗa namiji ba. Ya ce, "Mme, ko Sarki ne a bayan motar nan ba zan hau ba. In kina gaggawar mutuwa ki bari bayan sanyi, ƙasa ta fi saukin haƙa." Jiya na kama hanya da ƙafa, ban kai lanƙwasa ta biyu ba dusar ta kai mini cinya, wasu makiyaya suka jawo ni kamar tunkiya.

Wanda zai ba ki wannan shi ne Ntate Phomolo, mutumin Kao, yana da doki kuma ya san hanyar makiyaya. Na ba shi bargona mai kyau. Na sa ya haddace saƙon da baki ko takarda za ta jiƙe: a fitar da garwashi, a buɗe taga, a cire kara. Ko kina iya tsayawa ko ba kya iyawa, ki rubuta mini layi ɗaya ya dawo da shi. In ba ke ba ce kike karanta wannan, duk wanda yake karantawa, don Allah ya rubuto mini gaskiya.

'Matefo

Ha Mosala
11 ga Yuli

Mme,

Ni ce. Ina raye, yaron yana raye. Gwaggo ta rasu ranar Talata.

Ntate Phomolo ya iso jiya da yamma, ya tsaya daga nesa yana ta faɗin saƙonki da ƙarfi, ya tarar babu kara babu garwashi. Wasiƙarki ta ranar uku ba ta zo ba. Ta ranar talatin ta zo ranar Asabar, da motar ƙarshe kafin dusa. Na karanta na yi kuka. Gwaggo ta karɓa ta ce, "Rabu da ita, uwarki ko a sama sai ta ce mala'iku ba su share daidai ba." Sannan ta je ta hudo bokiti na biyu, ta ce ba za a ce a hannunta bututun ƙanenta ya fashe ba. Ta janyo tabarmarta kusa da bangon don ta riƙa jin ɗigar famfo.

Dusa ta yi kwana biyu tana zuba, ta rufe ƙasan ƙofa da taga. Ranar Talata na farka rana ta yi nisa, ban san yadda aka yi na farka ba. Na sa wa yaron nono, bakinsa ya ƙi motsi, hannunsa ya faɗi kamar tsumma. Na kira Gwaggo ba ta amsa ba. Na miƙe ƙafafuna suka ƙi, sai da rarrafe na kai ƙofa, yaron a cikin rigata. Na ja ƙofar, dusa ta zubo mini a ka.

Ntate Lebesa yana share hanyar shingen tumakinmu da shebur. Ya taho da gudu, ya zo dokin ƙofa ya tsaya cik. Na ce ya shiga ya ɗauko Gwaggo. Ya ɗaga kai ya kalli karan ya ce, "Ausi, bari in kira matata." Gidansu kin san nisansa. Na kama ƙyauren na miƙe, na fizge karan, na jefa masa a ƙirji, na ce, "Ga shi nan, Ntate, babu jego a gidan nan, shiga." Ya shiga ya fito da ita a kafaɗa. Ya shimfiɗa ta a dusa yana girgiza ta yana kiran sunanta na 'yanmatanci. Ba ta tashi ba.

Ni ina zaune a ƙasa na buɗe yaron iska ta buge shi, ina murza ƙirjinsa, ina hura masa fuska. Ban san tsawon lokacin ba. Can ya ja numfashi, ya yi wani ɗan kuka kamar na ɗan akuya. Ntate Lebesa ne ya karɓe shi ya sa a cikin bargonsa ya kai mu gidansa. Muna can yanzu, a ɗakin ciyawarsu. Yana kama nono, da farko kaɗan, tun jiya kuma sosai. Malamar asibitin mishan ta zo a doki ta duba shi, ta ce idonsa yana bin haske, a ci gaba da lura.

Ba a binne Gwaggo ba tukuna. Ƙasa ta daskare, maza suna hura wuta a kan wurin suna haƙa kaɗan-kaɗan.

Magana ta fara yawo. Wata daga dangin Motlatsi ta zo gaisuwa, ta ce a gaban mutane yaron da namiji ya ɗauka kafin lokaci sai an yi masa abin da ya kamata, wai kuma da ban taɓa karan ba da tsohuwa ba ta tafi ba. 

Mme, ƙofar ta kwana biyu a buɗe, babu wanda ya tuna. Bututun ya tsage ta bayan murhu, ruwa ya cika kicin ya daskare, tabarmi da buhun gari duk suna ciki. Ntate Lebesa ya toshe daga idon ruwa. Ki yi haƙuri. Ban san yadda zan gaya wa Ntate ba.

'Yarki,
Moipone

Gindin Moteng
13 ga Yuli

'Yata,

Ntate Phomolo ya dawo. Na karanta a zaune, sau uku. Mai shagon ta riƙe ni.

Allah ya ji ƙan Sebueng. Ita ta karɓe ni ranar da aka kawo ni gidan nan ina yarinya, ta yi shekara talatin tana yi mini dariya, kuma ban taɓa cin ta a magana ba. Ku roƙi maza su jira ni in da hali. An ce motar share hanya ta taso, zan bi bayanta ko a kan buhunan kwal ne. Babanku ni zan gaya masa, da bakina, ba a takarda ba. Wannan ba kayanki ba ne, kada ki ɗauka.

Kada ki sake ba ni haƙuri a kan ƙarfe. Abin da na rubuta miki ranar talatin yana tsakanina da Mahaliccina, ba na neman ki sauƙaƙa mini shi.

Matar nan ta dangin mijinki, in ta dawo ki gaishe ta da ladabi, ki ba ta wurin zama, ki ce mata uwar gidan ce ta ce a cire kara, kuma tana hanya. Duk mai magana ya ajiye ta ya faɗa a gabana. In suna so a yanka tunkiya don yaron, a kama mafi ƙiba a garkenmu, naman farko kuma a kai wa Ntate Lebesa.

Ki zauna inda kike har in zo. Kada garwashi ya kwana a ɗakin da yaron yake, ko na ciyawa ne, ko masu gidan sun ji haushi. Ki riƙa tashinsa ki ba shi nono ko bai nema ba. Ki ci abinci ko ba kya so, mai shayarwa ba ta azumin baƙin ciki. Ki bar ƙofa a ɗan buɗe, amma ki sa masa hula. Na san halinki, sai ki buɗe ƙofa ki manta da kansa.

Uwarki,
'Matefo